Manhajata tana aiki a NetBeans, amma a kwamfutar kanti ta ce ba ta ga direban MySQL ba

Ɗalibi daga Zariya:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina neman taimako a kan wata matsala da ta hana ni sakat kwana biyu ke nan. Na rubuta wata ƙaramar manhaja da Java domin kantin magani na kawuna, wadda take lissafa kayan da suka shigo da waɗanda aka sayar, kuma take nuna magungunan da wa'adinsu ya kusa cika. Bayanan suna ajiye ne a rumbun bayanai na MySQL. A kwamfutata, idan na kunna ta daga cikin NetBeans, wato manhajar da nake rubuta Java da ita, komai yana tafiya daidai. Da na gama sai na gina ta, na kwafi Kanti.jar daga foldar dist zuwa filashi, na tafi kanti, na saka Java 17 da MySQL a kwamfutar da ke kan teburin ciniki. Na danna fayil ɗin sau biyu, babu abin da ya buɗe. Da na shiga tagar umarni na rubuta `java -jar Kanti.jar`, sai ga abin da ya fito:

`java.lang.ClassNotFoundException: com.mysql.cj.jdbc.Driver`

Na gane cewa direba, wato fayil ɗin da ke haɗa Java da MySQL, shi ne ba ta gani ba, don haka na sauke shi daga shafin MySQL, na ajiye shi a `C:\direba`, na sake gwadawa da `java -cp C:\direba -jar Kanti.jar`, amma saƙon bai canza ko da harafi ɗaya ba. Kawu yana tsaye a kaina yana tambaya ko dai a ci gaba da rubutu a littafi kamar yadda aka saba, ni kuwa kunya ta gama rufe ni.

Tsohon ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan tsohuwar matsala ce, mun sha fama da ita. Ka shiga saitunan Windows inda ake rubuta sunayen muhalli, ka ƙirƙiri wani mai suna CLASSPATH, ka rubuta cikakkiyar hanyar da direban yake a cikinsa, sannan ka rufe tagar umarnin ka sake buɗe ta. Idan hakan ya yi maka wuya, ka ɗauki fayil ɗin ka jefa shi cikin `jre\lib\ext` na Java, domin duk abin da ke wannan foldar Java tana ganinsa da kanta. Da haka muke yi a ofis shekara da shekaru.

Malamin kwamfuta:
Ranka ya daɗe Alhaji, a yi mini afuwa, amma duka hanyoyin biyu ba za su yi wa wannan yaro aiki ba, kuma yana da kyau a faɗi dalili domin masu karatu da yawa suna bin irin wannan shawara a tsofaffin darussa. Foldar `lib\ext` ta yi aiki har zuwa Java 8, amma an cire wannan tsari gaba ɗaya a Java 9 da ta fito a 2017, shi kuwa ya ce 17 ya saka, saboda haka ko ya nemi foldar ba zai same ta ba. Batun CLASSPATH kuma, shi da `-cp` duk makomarsu ɗaya ce a nan: muddin aka tayar da manhaja da `-jar`, Java tana watsi da su baki ɗaya, ba ta ma gargaɗe ka cewa ta yi watsin ba. Wannan shirun nata shi ne yake ɓata wa mutane lokaci, domin mutum yana ganin ya ba da umarni an karɓa, alhali ko kallonsa ba a yi ba. A yanayin `-jar`, jerin wuraren da za a nemi azuzuwa, wato gutsattsarin manhaja da ke cikin fayilolin `.class`, ya ƙunshi fayil ɗin da ka ambata kawai, tare da abin da aka rubuta a layin Class-Path na fayil ɗin MANIFEST.MF da ke cikinsa.

Akwai kuma kuskure na biyu a umarninka, ɗalibi, wanda zai ci gaba da damunka ko da babu `-jar`. Idan ka ba Java sunan folda, tana ɗaukar foldar a matsayin tushen fayilolin da suka ƙare da `.class`, wato za ta nemi `C:\direba\com\mysql\cj\jdbc\Driver.class`, ba za ta buɗe wani jar da ke kwance a ciki ba. Dole ne a kira jar da sunansa, ko kuma a sa alamar tauraro.

Kafin mu ci gaba da hasashe, ka yi mana abu ɗaya. Jar ba komai ba ne illa zip da aka canza wa suna, don haka ka kwafi Kanti.jar, ka buɗe kwafin da 7-Zip ko makamancinsa, ka shiga META-INF, ka liƙo mana abin da ke cikin MANIFEST.MF kamar yadda yake.

Tsohon ma'aikaci:
Na karɓi gyara, Malam. Rabona da taɓa Java tun muna kan ta 7, ashe an yi nisa an bar ni.

Ɗalibi daga Zariya:
Na gode, Malam. Ga layukan da suka shafi maganar:

`Class-Path: lib/mysql-connector-j-8.0.33.jar`
`Main-Class: kanti.Farawa`

Da na ga haka sai na tuna cewa a cikin dist akwai wata folda mai suna lib a gefen Kanti.jar, wadda ban kwafa ba domin na ɗauka tarkacen NetBeans ne. Kwamfutata tana gida, ni kuma ina kanti, shi ya sa na ƙirƙiri sabuwar folda mai suna lib a gefen fayil ɗin, na zuba direban da na sauke a ciki. Na sake rubuta `java -jar Kanti.jar`, amma har yanzu saƙon farko ne yake fitowa.

Malamin kwamfuta:
To, ka gano rabin matsalar da kanka. NetBeans ya yi aikinsa daidai: ya kwafi direban zuwa `dist\lib`, ya rubuta sunansa a MANIFEST.MF, kai ne ka ɗauko doki ka bar sirdi a gida. Yanzu ka rubuta `dir lib` a tagar umarni ka nuna mana sakamakon. Kada ka karanto mana sunan daga tagar foldoji, domin Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil idan ba a canza saitinta ba, kuma ina zargin a ƙarshen sunan ne matsalar take.

Ɗalibi daga Zariya:
Fayil ɗaya ne a ciki, Malam, sunansa `mysql-connector-j-9.1.0.zip`.

'Yar Maraɗi:
Ƙanena, kurakurai biyu ne suka haɗu a wannan layi guda. Na farko, abin da ka sauke ƙunshi ne, kuma ainihin direban yana ciki, a cikin wata folda mai irin wannan sunan, tare da takardun lasisi da sauran kaya. Java tana iya karanta zip idan azuzuwan suna kwance a cikinsa kai tsaye, amma ba ta buɗe jar da ke cikin wani zip ko wani jar. Sai ka kwance ƙunshin, ka ɗauko `mysql-connector-j-9.1.0.jar` shi kaɗai ka sa a lib. Na biyu, ko ka yi hakan `-jar` ba zai gan shi ba, domin MANIFEST.MF ɗinka ya kira 8.0.33 da sunansa, kuma layin Class-Path ba ya karɓar alamar tauraro, ba ya kuma cewa komai idan fayil ɗin da ya ambata babu shi, tsallakewa kawai yake yi.

Tunda kana kanti kuma ba ka son komawa gida hannu rabbana, ka bar `-jar` na ɗan lokaci, ka tayar da ita haka:

`java -cp "Kanti.jar;lib\*" kanti.Farawa`

Ka lura da abubuwa uku a nan. Dole ne Kanti.jar da kansa ya kasance cikin jerin, kuma dole ne ka ambaci ajin farko da cikakken sunansa, tunda yanzu ba MANIFEST.MF ne zai faɗa ba. Tauraron kuma shi kaɗai ake rubutawa bayan sunan folda. Idan ka rubuta `lib\*.jar` Java ba za ta fahimta ba, kuma tauraron ba ya shiga ƙananan foldojin da ke ƙarƙashin lib. Abu na uku shi ne alamar da ke raba sunayen: a Windows waƙafi mai ruwa ne, a Linux da macOS kuwa ruwa biyu ne. Ni da kaina na taɓa shafe rabin yini a kan wannan, lokacin da na kwafi umarnin wani abokin aiki mai Windows na liƙa a sabarmu ta Ubuntu. Da yake babu alamar zance a umarnin, tagar ta ɗauki waƙafi mai ruwan a matsayin ƙarshen umarni, ta yanke layin gida biyu, ta yi ta ba ni saƙonnin da ba su da alaƙa da direba ko kaɗan. Tun daga ranar ba na rubuta jerin ba tare da alamar zance ba, musamman ma da yake mutanenmu suna son sa wa folda suna mai sarari a tsakiya, irin su Aikin Kawu.

Ɗalibi daga Zariya:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Na kwance ƙunshin, na yi yadda kika ce, kuma saƙon farko ya tafi. Tagar shiga ta buɗe a karon farko a wannan kwamfuta. Amma da na rubuta suna da kalmar sirri na danna, sai wani sabon saƙo ya fito:

`java.sql.SQLException: No suitable driver found for jdbc:mysql//localhost:3306/kanti`

Ke nan har yanzu ba ta ga direban ba? Ko kuwa 9.1.0 ɗin ne bai dace da manhajata ba, sai na koma gida na ɗauko 8.0.33?

Malamin kwamfuta:
Kada ka motsa daga inda kake. Direban an gan shi, kuma ga hujjata. Saƙonka na farko ya nuna cewa a cikin rubutunka akwai layin `Class.forName("com.mysql.cj.jdbc.Driver")`, domin shi ne yake jefa wancan kuskure. Tunda yanzu an wuce wannan layi lafiya, ajin yana cikin jerin kuma an loda shi. Saƙo na biyu daga DriverManager yake, wato ɓangaren Java da ke riƙe da rajistar direbobi, kuma ma'anarsa ita ce an zagaya da adireshinka wurin duk direbobin da suka yi rajista, an tambayi kowanne ko ya san irin wannan adireshi, babu wanda ya amsa. Direban MySQL yana duba farkon adireshin ne, yana neman `jdbc:mysql:` da ruwa biyu a bayan sunan. Ka sake karanta saƙon da ka liƙo a hankali, harafi bayan harafi, za ka ga abin da ya ɓace bayan kalmar mysql.

Ɗalibi daga Zariya:
Innalillahi, na gani. Adireshin yana cikin wani fayil na saiti ne da manhajar take karantawa, shi ma ban kwafo shi ba, da hannu na sake rubuta shi a nan kanti, ashe na tsallake ruwa biyun.

Injiniya a Kano:
Sannunku da ƙoƙari. Na biyo zaren tun daga farko, kuma ina da ja a kan abubuwa biyu, da fatan Malam ba zai ga rashin ladabi ba. Na farko shi ne wannan layi na `Class.forName`. Tun daga siga ta 4.0 ta JDBC, wato tsarin da Java take magana da rumbun bayanai da shi, wadda ta zo tare da Java 6 a 2006, ba a bukatarsa. Kowane direba na zamani yana ɗauke da wani ɗan fayil mai suna `META-INF/services/java.sql.Driver` wanda aka rubuta sunan ajinsa a ciki, DriverManager kuma yana karanta waɗannan fayiloli ya yi musu rajista da kansa. Kusan shekara ashirin ke nan, amma har yau ana koya wa ɗalibai su rubuta layin kamar wani sharaɗi. Illarsa kuwa a bayyane take: ka ɗaure manhajarka da sunan aji, ranar da aka canza sunan sai ka shiga neman inda ka rubuta shi. Haka aka yi da aka koma Connector/J 8, inda `com.mysql.jdbc.Driver` ya zama `com.mysql.cj.jdbc.Driver`, mutane suka yi ta ganin gargaɗi a duk lokacin da suka kunna manhaja.

Na biyu, duk wannan wahala ta foldar lib da ta MANIFEST.MF ta samo asali ne daga rarraba manhaja gunduwa-gunduwa. Da yaron nan ya yi amfani da Maven, wato kayan aikin gina manhaja da ke sauko da laburare da kansa, ya rubuta `com.mysql` da `mysql-connector-j` a cikin pom.xml, ya sa Shade, wani ƙari na Maven, ya narkar da komai cikin jar guda, da fayil ɗaya zai ɗauka a filashi, babu abin mantawa. Abin da ba a raba ba, ba a manta rabinsa a gida.

Malamin kwamfuta:
Babu rashin ladabi a ciki, Injiniya, don haka aka buɗe zauren. A kan tarihin ban ja da kai ba, gaskiya ka faɗa. Amma ka duba abin da ya faru a gabanmu yau. Da a ce babu wannan layi a rubutun yaron, da matsalar rashin jar da matsalar adireshi duk saƙo ɗaya za su ba shi, wato `No suitable driver found`, domin DriverManager ba ya bambance tsakanin babu direba kwata-kwata da akwai direba amma bai san adireshin ba. Da ya gyara lib ya ga saƙon bai canza ba, da sai ya ɗauka gyaran bai yi ba, ya koma yana tone abin da ya riga ya daidaita. Layin da kake kira tsohon yayi shi ne ya raba mana cutar gida biyu, har na iya ce masa kada ya motsa. Ni ban ce a bar shi a manhajar da ta girma ba, amma ga mai koyo ina ganin amfaninsa ya fi illarsa, kuma idan ana tsoron ɗaurewa da suna, sai a sa sunan ajin a fayil ɗin saiti tare da adireshin.

Injiniya a Kano:
Idan bincike ake so, Malam, akwai hanyar da ta fi wannan tsabta. A sa manhajar ta buga `System.getProperty("java.class.path")` a farkon tashinta, sannan ta zagaya `DriverManager.getDrivers()` ta buga sunan kowane direban da ya yi rajista. Layi huɗu ne ko biyar, kuma suna faɗa maka abin da Java take gani a zahiri a wannan kwamfutar, ba abin da kake zaton tana gani ba. Wanda ba ya son taɓa rubutun kuma sai ya ƙara `-verbose:class` a umarnin, zai ga kowane aji da fayil ɗin da aka ɗauko shi. Sai dai a sani cewa idan da `-jar` aka tayar, abin da `java.class.path` zai nuna sunan jar ɗin ne kawai, ba zai lissafo na cikin Class-Path ba.

Malamin kwamfuta:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma zan ƙara shi a darasina. Bai hana wancan ba dai.

'Yar Maraɗi:
Ina so in sa baki a nan, domin maganar cewa ba a bukatar layin tana da togaciya, kuma na ci karo da ita a wurin aiki. Muna da manhajar yanar gizo a kan sabar Tomcat da rumbun bayanai na PostgreSQL, direban yana cikin `WEB-INF/lib` kamar sauran laburare, adireshin kuma daidai yake, `jdbc:postgresql://` da ƙofa 5432, amma sai ga `No suitable driver found`. Dalilin shi ne DriverManager yana yin wannan zagaye na neman direbobi sau ɗaya ne tak, Tomcat kuma yana sa shi ya yi zagayen tun lokacin da sabar take tashi, kafin a loda kowace manhaja, saboda kauce wa yoyon ƙwaƙwalwa. A wannan lokaci abin da ke `WEB-INF/lib` ba ya ganuwa, domin kowace manhaja tana da nata mai loda azuzuwa daban. Mafita biyu ce: ko a mayar da direban foldar lib ta Tomcat ɗin kanta, ko a kira `Class.forName("org.postgresql.Driver")` daga cikin manhajar. Mu mun zaɓi ta farko, muka bar Tomcat ya riƙe tafkin haɗin, muka cire kwafin da ke `WEB-INF/lib` domin kada a sami direba biyu masu siga daban suna karo.

Game da narkar da komai cikin jar guda kuma, Injiniya, ka san shi ma yana da nasa ramin. Idan manhaja tana amfani da direba biyu, misali MySQL da SQLite, kowannensu yana da fayil mai suna `META-INF/services/java.sql.Driver`, suna ɗaya a wuri ɗaya. Wurin narkarwa ɗaya ne zai tsira, sai a wayi gari azuzuwan direba na biyu suna cikin jar ɗin amma babu wanda ya yi masa rajista. Sai an sa `ServicesResourceTransformer` a saitin Shade kafin ya haɗe abin da ke cikin fayilolin biyu. Haka nan idan ɗaya daga cikin laburaren mai sa hannu ne, aka kwaso fayilolinsa na `.SF` da `.RSA` aka zuba a sabon jar, Java za ta ƙi tayar da shi da kuskuren tsaro. Wanda bai san yadda ake neman aji ba, ranar da ya faɗa ɗaya daga cikin waɗannan ramuka ba zai san ta inda zai fara ba.

Injiniya a Kano:
Duka biyun gaskiya ne, Hajiya, na kuma taɓa faɗawa na farkon. Amma saiti ne da ake rubutawa sau ɗaya a manta da shi, alhali foldar lib kullum sai an tuna da ita, kuma wanda zai kwafa ba koyaushe ne wanda ya rubuta ba. Gobe kawun yaron nan zai sayi sabuwar kwamfuta, yaron kanti ya jawo Kanti.jar shi kaɗai zuwa can, a sake kiran ɗalibi daga makaranta. Abin da zan ƙara domin adalci shi ne, Maven shi kaɗai ba ya magance komai: jar ɗin da `mvn package` yake fitarwa ba tare da ƙarin saiti ba azuzuwanka ne kawai a ciki, babu direba, kuma wanda ya rubuta wa direban `provided` ko `test` a matsayin iyakarsa zai ga irin wannan saƙo na farko. Masu bin tsofaffin darussa kuma su sani cewa sunan ya canza daga `mysql-connector-java` zuwa `mysql-connector-j` tun daga siga ta 8.0.31, saboda haka wanda ya haɗa tsohon suna da sabuwar lamba irin 9.1.0 Maven zai ce bai samu ba.

Wata malamar makaranta:
Ku gafarce ni da shigowa tsakiyar magana, amma tawa matsalar ta yi kama da wannan. Na gaji wata manhajar rajistar ɗalibai da aka rubuta da daɗewa, bayananta suna cikin Microsoft Access. Da aka canza mana kwamfuta sai ta daina aiki, tana cewa `ClassNotFoundException: sun.jdbc.odbc.JdbcOdbcDriver`. Na bi duk abin da kuka faɗa a sama, amma na rasa inda zan sauke jar ɗin wannan direba balle in sa shi a lib.

Malamin kwamfuta:
Malama, ba za ki same shi ba, domin bai taɓa zama jar mai zaman kansa ba. Wannan gada ce tsakanin JDBC da ODBC, wato tsarin Microsoft na haɗawa da rumbun bayanai, da take zuwa a cikin Java kanta, kuma an cire ta a Java 8 a 2014. Saƙon iri ɗaya ne da na ɗalibinmu, amma taki ba matsalar jeri ba ce, ajin ne ya daina wanzuwa. Abin da aka fi amfani da shi a madadinsa shi ne UCanAccess, wanda yake karanta fayilolin `.mdb` da `.accdb` kai tsaye, adireshinsa kuma yana farawa da `jdbc:ucanaccess://` sai hanyar fayil ɗin. Wannan yana nufin sai an taɓa rubutun manhajar, ko fayil ɗin saitinta idan an yi sa'a a can aka rubuta sunan direban. Ki kuma kula cewa UCanAccess ba ya tafiya shi kaɗai, yana bukatar Jackcess da HSQLDB da Commons Lang da Commons Logging, duk suna zuwa a cikin foldar lib ta ƙunshinsa. Idan kika sa shi kika bar su, za ki ga `NoClassDefFoundError`, wanda a irin wannan hali yake nufin an sami direban, amma shi direban ya nemi wani ajin da ya dogara da shi bai samu ba. Ki kwashe dukkansu ki zuba a folda ɗaya ba tare da ƙananan foldoji ba, tunda kamar yadda 'yar'uwarmu ta faɗa tauraron ba ya sauka ƙasa. Kafin komai dai ki yi kwafin fayil ɗin Access ɗin ki ajiye a gefe.

Wata malamar makaranta:
Na gode ƙwarai, Malam. Rubutun manhajar yana hannuna, zan gwada a ƙarshen mako idan an tashi daga makaranta.

Ɗalibi daga Zariya:
Ga rahoton inda aka kwana. Na sa ruwa biyun, sai ta ba ni `Communications link failure`, amma wannan karon ban firgita ba, domin na lura cewa saƙon daga azuzuwan `com.mysql.cj` yake fitowa, wato direban ne da kansa yake magana. Na duba ayyukan Windows na tarar sabar MySQL ba ta tashi ba bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, na tayar da ita, na kuma saita ta ta riƙa tashi da kanta. Yanzu manhajar tana aiki, har mun shigar da kwalaye goma sha biyu na farko, Kawu yana ta sa albarka. Na rubuta umarnin Yaya a cikin wani fayil mai suna `fara.bat` domin yaron kanti ya riƙa dannawa kawai. Abu ɗaya ya rage: idan na danna shi daga cikin foldarsa yana aiki, amma da na kwafe shi zuwa fuskar kwamfuta domin ya fi sauƙin gani, sai ya ce bai sami `kanti.Farawa` ba.

'Yar Maraɗi:
Madalla, ƙanena. Wannan na ƙarshen dalilinsa shi ne, hanyoyin da ka rubuta bayan `-cp` ana lissafa su ne daga foldar da aka tsaya a cikinta lokacin ba da umarnin, kai kuma da ka kwafe fayil ɗin zuwa fuskar kwamfuta, can ya tsaya yana neman Kanti.jar da lib. A nan Class-Path na MANIFEST.MF ya fi shi, domin shi daga inda jar ɗin yake ake lissafa nasa, ko daga ina aka kira shi. Ka goge kwafin da ke fuskar kwamfutar, ka bar `fara.bat` a foldarsa, ka yi masa gajeriyar hanya ka ajiye a can. Sannan ka sa `cd /d "%~dp0"` a layin farko na fayil ɗin, wanda zai mayar da tagar foldar da shi fayil ɗin yake kafin a kira Java, ta yadda fayil ɗinka na saiti ma za a same shi. Idan ka koma gida kuma, ka canza direban da ke cikin NetBeans zuwa 9.1.0 ka sake ginawa, domin abin da kake gwadawa a gida ya zama shi ne yake aiki a kanti, kuma wannan karon ka kwafo foldar dist gaba ɗayanta.